Sharar Gidan Su Sadisu

Sallama gare ku, masu bina. Na ga saƙonninku. Wasu na tambaya ko an sa rana, wasu na tambaya wane launi za a fitar na anko. Ku ajiye maganar anko tukuna. Ku zauna.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Jannatu, ɗiyar unguwar Bilbis a Tawa. Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, fannin nazarin mutane da al'adunsu, abin da muke kira antropoloji. Kowa ya zaɓi abin da zai rubuta memuwar ɗinsa a kai, wato kundin binciken kammala karatu. Wani ya ɗauki kokawa, wata ta ɗauki waƙoƙin daka. Ni na ɗauki shara: abin da mutane ke saye, su ci, su jefar, da inda yake zuwa bayan sun jefar.

Ranar da na gaya wa Inna, tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shara?"

"Shara, Inna."

"Wadda ni ka yi kullum da sahe?"

"Ita."

"To mi ya kai ki Yamai? Da kin zamna nan na koya miki. Ga tsintsiya can."

Aikin ba shi da wuya, sai wari. Nakan shiga gida, in roƙi matar gida ta ba ni sharar wuni guda. In zuba a buhu, in kai tsohon ɗakin awakinmu da ke bayan gida, in baza a kan tsohuwar tabarma, in sa safar hannu, in ware. Leda gefe, gwangwani gefe, ƙashi, tsumma, ɓawon albasa. In ɗauki hoto da waya. Ba na rubuta sunan kowa a buhu, zare mai launi nake ɗaurawa. Kuma kowace mace sai na gaya mata magana ɗaya kafin in fita: abin da na gani cikin shararki, daga ni sai ke sai Allah.

Na ga abubuwa. Wata ta rantse mini kullum da nama ake miya a gidanta, buhunta ba ko ƙashi, sai takardun magi. Wani da ake kai wa zakka, gwangwanin madara ne cike da sharar gidansa. Na bi tsoffin silifa har wurin masu musayarsu da robar wanki. Na bi fasassun tukwane har maƙera, na ga sun narke sun fito sababbi. Toka da kashin awaki gona suke tafiya a amalanke. A Tawa abu kaɗan ne ke mutuwa gaba ɗaya. Leda ce kaɗai ba ta da wurin zuwa, sai cikin akuya.

Unguwa ta sa mini suna Madam Bola. Inna ta daina zuwa wasu gidajen biki. Kullum maganarta ɗaya: ki gama wannan ƙazantar kafin dangin Sadisu su gaji.

Sadisu kun san shi. Mai shagon kayan babur kusa da tasha. Bai gama koleji ba, amma shi ya jira ni duk shekarun Yamai, bai taɓa ce mini in bar karatu ba. An kai goro. An ce bayan babbar Sallah.

Wata Alhamis da hantsi na ji hon ɗinsa a ƙofar gida. Na fito da tsohuwar atamfar Inna, mai zanen zakara da ya koɗe, hijabi ɗaure a ƙugu, safar hannu har gwiwar hannu. Shi kuwa shadda ce ruwan toka, ta sha guga, da hula baƙa. A bayan babur, buhu ne ɗaure da roba.

"Madam Bola, zo amshi tsaraba."

"Samarin kirki turare su ka kawowa."

"Samarin kirki ba su san abin da ki ka so ba. Wagga sharar gidanmu ta. Sabuwa hul, ta yau da sahe. Ko ƙuda bai ɗanɗana ba."

Na yi dariya har na dafa bango.

"Ka tambayi Hajiya?"

"Ta tahi suna Garkawa."

"Balki fa?"

"Tana kwance, kanta ka ciwo. Haba Jannatu, shara ta fa, ba zinariya ba. Wa ka neman izini kahin shi ɗau shara?"

Ni ce ya kamata in ba shi amsa. Da hannuna na rubuta a jarrabawa cewa a ƙasar Hausa shara tana da mai ita, don a cikinta akwai gashin mutum da farcensa da ƙasar sawunsa. Malamin har ya karanta wa aji. Amma ku gaya mini, wace mace ce namiji zai sa shaddarsa mai guga ya goyo mata buhun shara, don kawai ya nuna bai ƙyamaci aikinta ba, ta ce ya mayar? Na karɓa. Na ɗaura masa jan zare.

Hajiya Kulsum ita ce mahaifiyarsa. Balki kuwa matar yayansa Illa ce, ɗiyar Bambeye. Illa na Abija yana kasuwanci, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ɗiyanta huɗu, kai da kai, ga cikin na biyar bai daɗe da shiga ba. Siririya ce, ba ta da yawan magana. Amaryarmu take ce mini. Da ƙaramar Sallah ita ta yi mini lalle, ta riƙe ƙafata a cinyarta kamar ta ƙanwarta.

Da la'asar na baza buhun. Ɓawon gyaɗa, ganyen shayi, ledar omo, takalmin yaro wari guda. Sai na ga wata ƴar baƙar leda an ƙulle bakinta tam. Na matsa ta. Gashi ne. Na san ba a zubar da gashin tsifa, rufe shi ake yi a ƙasa. Wato an ajiye shi kusa da bokitin shara, Sadisu ya haɗa duka ya juye. Ban kwance ba. Na ce gobe in mayar.

Sai gwangwanin tumatir, an matse bakinsa da dutse. Aikina ne in buɗe, na buɗe. Takardun ƙwayoyi ne a ciki, irin masu ƙyalli, an ɓalle duka an naɗe su ƙanana. Na warware ɗaya, na karanta sunan.

Na san sunan, maganin zubar da ciki ne. A ɗakunan kwanan ƴan mata a Yamai ba a faɗinsa da ƙarfi. Na taɓa ganin an fito da wata a bargo saboda shi.

Na mayar, na matse bakin, na zauna a ƙasa. Akuyarmu ta leƙo ta tsaya tana kallona.

Washegari labari ya zo. Jini ya ɓalle wa Balki, an kai ta asibitin haihuwa, ciki ya zube. Da ƙyar aka ceto ta. Sadisu ne ya ba da jini.

Da ta fara farfaɗowa, hankalin Hajiya ya dawo gida, sai ta tuna. Ita da kanta ta tsefe wa Balki kai ranar Laraba, ta ƙulle gashin, ta ajiye a gindin bango za ta rufe shi ƙarƙashin iccen bedi, wato dogon yaro. Ta duba, babu. Ta tambaya. Sadisu, da yake bai iya ƙarya ba, ya ce shi ya kwashe, ya kai wa Jannatu.

Ba sai na gaya muku sauran ba. An ɗauki gashin mai ciki ranar Alhamis, Juma'a ciki ya zube. Dalili kuwa mutane ba su rasa shi ba: wai Hajiya na son Balki, ni kuma ina son in shigo in iske fili. Wai dama wane karatu ne ake yi da sharar mutane? Wai a Yamai akwai wanda nake kai wa.

Maƙwabciyarmu, wadda ta ba ni shararta tana dariya, ta aiko a ba ta kayanta. Wata ta fara ƙona tata a cikin gida. Inna ta je gaida Balki, ta dawo da kwanon furarta ba a buɗe ba. Ta ajiye shi, ta cire mayafi, ta zauna bakin gado.

"Na shiga, mata sunka yi shiru awa an ɗauke wuta."

"Inna, kin san ban..."

"Na sani. Ni na haihe ki. Amma ni ɗaya ta cikin garin ga?"

Ta share ido da bakin zane.

"Ubanki bai bar muna gona ba, bai bar muna shago ba. Suna yab bar muna. Shi kinka ɗauka kinka kai bola."

Na shiga ɗaki. Saƙon Sadisu na jira a waya.

"Jannatu kiyi haƙuri, laihina ne. Nayi magana da Hajiya. Tace ki kawo buhun gobe bayan azahar yadda yake, ke da Inna. In ta ga gashin ba a taɓa ba magana ta ƙare. Buhun na nan ko?"

Na rubuta: "Yana nan."

"Alhamdulillah. Ki ci abinci. Nasan baki ci ba."

Zan gaya muku gaskiya, ko za ku zage ni. Daɗi na ji. Na ce a raina, gobe za a juye buhun, gwangwanin zai gangaro da kansa. Hajiya ba ta karatun boko, amma za ta ba wani ya karanta. Ba ni na faɗa ba. Ba ni na yi wa Balki alkawari ba ma, tun da ba ita ta ba ni sharar ba. Har na tashi na ɗumama tuwo.

Ina cikin ci wani saƙo ya shigo, na murya, daga lambar da ban sani ba. Na kara a kunne. Raɗa ce, da ƙarar famfo a bayanta.

"Amaryarmu, ni ta, Balki. Wayar ƙanwata na ara. Ina banɗaki, kar ki kira. Na san kin gani. Na ɓoye gwangwanin cikin shara don Hajiya na tsakar gida, na ce in ta hita in jefa masai, sai barci ya kwashe ni."

Ta ja numfashi. Sannan ta ci gaba.

"Haihuwar Aghali, autana, da anka yi mini aiki, likita ta ce in na sake kahin shekara uku, su shirya likkafani. Na hwaɗa ma Illa. Ya ce likita ba Allah ta ba. Na roƙe shi allurar tazarar haihuwa, ya ce in ya ji na yi, in tahi gidanmu. Jannatu, na ji tsoro. Na dubi ɗiyan ga huɗu, na ce wa za shi riƙa su? Na san na yi zunubi. Ni da Allah. Amma in Hajiya ta gani, Illa sakina za shi yi, shi amshe su duka, Aghali ko yaye bai yi ba. Wata ta ce mini har kaso a ka kai mutum. Ba ni da bakin roƙonki, na ji abin da a ka hwaɗi kanki. Amma ki dubi Allah."

Saƙon ya ƙare. Kafin in sake saurare, ta goge shi.

Tuwon ya huce a gabana.

Na yi ta lissafi. Na ce to ai da sauƙi. Hajiya gashi take nema, gashi kuwa na nan da ƙullinsa. In na cire gwangwanin, ta ga gashinta, ni na fita, Balki ta fita. Wa ya san yawan gwangwanin da ke cikin shara? Har na yaba wa kaina.

Da safe na shiga ɗakin awaki, na ɗauko shi, na zaga, na sake shi a masai. Na ji faɗuwarsa can ƙasa. Na goge hoton da na ɗauka, na bi shi har kwandon waya na sake gogewa.

Bayan azahar muka tafi. Na sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, ba hoda, ba kwalli. Inna ta sa leshinta na zuwa gaisuwa, shuɗi, wanda ta sa ranar da aka kawo goro. Sadisu ya zo ya ɗauki buhun a babur, mu muka bi a ƙasa. Duk ƙofar da muka wuce, sai labule ya motsa.

An share tsakar gidan tas. Hajiya na zaune a rumfa kan darduma, farin mayafi, carbi a hannu, da wasu tsofaffi biyu ƴan uwanta. Ƙofar ɗakin Balki na daura da rumfar, labulen a sake. Ina ganin ƙafafunta ta ƙasansa, tana zaune bakin katifa.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ba wanda ya kalli wani. Sadisu ya juye buhun. Hajiya ta ɗauki kara tana tonawa a hankali. Ɓawon gyaɗa. Takalmin Aghali. Sai baƙar ledar.

Ta ɗauka, ta juya ta, ta kai kusa da ido. Ta miƙa wa tsohuwar da ke damanta.

"Ƙullina na," in ji Hajiya. "Ni ka ƙulli hakanga, baki biyu. Ba a kwance ba."

Inna ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Sadisu ya kalle ni ya saki murmushi, irin wanda ya sauke buhun hatsi daga ka.

Hajiya ta matso da ni da hannu.

"Zo nan, ɗiyata. Ki yahe mini. Jika na rasa, hankalina ya tashi. Wanga sakarai shi ad da laihi, babba da shi bai san abin da a ka ɗauka ba."

"Na amsa, Hajiya," in ji Sadisu. "A yi mini bulala."

Tsofaffin suka yi dariya. Har Inna.

"Saura abu guda," in ji Hajiya. "Ba don ni ba, ni na gamsu. Don bakin gari. In ba a rufe shi yau ba, har ki haihu ana nuna ɗiyanki."

Ta juya ta ɗauko Alƙur'ani daga kan kujera, cikin gafakarsa ta jar fata, ta aza a kan matashi tsakaninmu.

"Kina da tsarki?"

Ga ƙofa ta buɗe mini. Kalma ɗaya ce, in ce ba na salla. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni, da murnarta.

"Tare munka yi azahar. Ko alwallarta ba ta karye ba."

"Madalla. Dafa, ɗiyata. Ki ce ba ki cire komi ba cikin sharar ga, kuma ba ki san komi ba kan abin da ya zubar da cikin Balki. Su Gwaggo su ji, su kai ma gari. Shi ke nan, mu sha hura."

Na kalli gafakar. Na kalli hannuna.

Magana biyu ta ba ni, ba ɗaya da zan iya ɗauka. Na cire. Kuma na sani.

"Dafa mana," in ji Sadisu, har yanzu da sauran murmushi. "Ko sai an sa miki safar hannu?"

Ba wanda ya yi dariya, don sun ga fuskata.

Na saci kallon labulen. Ƙafafun Balki sun haɗe wuri ɗaya, yatsun sun lanƙwashe suna kama siminti. Na jira. Wallahi na jira ta. Na ce ko tari ta yi, ko ta kira sunan Hajiya. Aghali ya yi kuka a ciki, na ji ta jawo shi ta ba shi nono. Kukan ya tsaya.

"Jannatu," in ji Inna a hankali. "Mi ki ka jira?"

"Ba ni iyawa."

"Mi kinka ce?"

"Ba ni rantsewa, Hajiya. Ban yi ma Balki komi ba, wannan in kin so in dafa sau goma. Amma wadda kinka hwaɗi, ba ni iyawa."

Hajiya ta daɗe tana kallona. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini.

"Kin cire wani abu ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Mi kinka cire?"

Da ta ga ba zan faɗa ba, sai ta ɗauke Alƙur'anin da hannu biyu, ta mayar kan kujera, ta gyara masa zama. Ta dubi Inna.

"Ku gaida gida."

Inna ta tashi. Takalminta ɗaya ya ƙi shiga, ta ɗauke shi a hannu. Haka ta taka har Bilbis, ƙafa ɗaya a ƙasa, cikin leshinta shuɗi, ina bayanta. Ba ta waiwaya ba. Da muka shiga gida ta wuce ɗaki ta ja ƙofa. Ban ji kuka ba. Rediyo ta kunna.

Rana ta yi sanyi na ji babur ya tsaya a waje. Bai yi hon ba, bai kashe inji ba. Waya ta yi motsi.

"Ina ƙofar gidanku."

Wani ya biyo.

"Na tsaya gaban uwata nace in kin yi sammu to ni na yi. Yanzu ko ido bata bari mu haɗa. Bance kin yi ba. Har yanzu bance ba. Ki hito ki gaya mani ni kaɗai mi kika cire. Wallahi ba mai ji."

Na san Sadisu. Zai yi niyyar riƙewa. Amma mutumin da aka tambaya ina gashi ya ce ni na kai wa Jannatu, ba zai kwana biyu yana kallon ana zagina da amsa a bakinsa ba. Kuma Illa yayansa ne, cikin da ya zube ɗan yayansa ne.

Na rubuta "Balki ce", na goge. Na rubuta "ka yarda da ni kawai". Na tura.

Ya karanta. Ya daɗe yana rubutu, yana tsayawa.

"Shekara nawa ina yarda. Yau ɗaya ni ke roƙo ki yarda da ni. Ina nan har a kira magariba. In baki hito ba na gane."

Na zauna a dakalin zaure ta ciki, hijabina a jiki, takalmi a ƙafa. Ƙyauren langa-langa ne kawai tsakaninmu. Ina jin injin na bugawa a hankali, ina jin ƙamshin turarensa ta kafar ƙofa. Sau ɗaya ya yi gyaran murya, yadda yake yi in zai tsokane ni, sai ya fasa.

Ladanin unguwarmu ya hura lasifika, ya ce Allahu akbar.

Sadisu ya bari har aka kai ƙarshen kiran. Ya ƙara kaɗan a kai. Sannan na ji ya taka giya.

Hannuna na kan sakata har ƙarar ta ɓace a kwanar masallaci.